Saiwar da Hajiya ke sa wa shayin Alhaji

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don gudun a ce na fitar da maganar gidan mutane. Jiya Hajiya ta cika shekara da rasuwa, kuma jiyan ma Alhaji ya kurɓi shayina sau ɗaya ya ture kofin.

Ni ce mai girki a gidansu a Nassarawa, amma shayin Alhaji Hajiya ba ta taɓa bar wa kowa ba. Takan daka citta da kanumfari da girfa, ta zuba a madara tana tafasa, sannan ta kwance bakin mayafinta ta jefa wata 'yar saiwa. Ƙamshin har ɗakin maigadi.

Wata rana na ce, "Hajiya, mene ne sunan wannan?"

Ko murmushi ba ta yi ba ta ce, "Bar-ni-da-mijina. Ke dai lura da madarar, kar ta zube."

Ni kuwa na ɗauka sunanta ke nan. Bayan rasuwarta na shiga kasuwa ina tambaya, masu kayan ƙamshi suka yi ta dariya, wani ya ce, "Baba, layin masu maganin mata yana can gaba."

Na gwada kimba, na gwada masoro, duk a banza. Alhaji ba ya iya cin abin kirki yanzu, kullum ramewa yake, abin ya hana ni sukuni.

Saiwar baƙa ce, cikinta fari, ƙamshinta kamar ƙasa bayan ruwan farko. Don Allah wanda ya san sunanta na gaskiya ya sanar da ni. Allah Ya haskaka kabarin Hajiya, Ya yafe mata har da wannan tsokanar.