Dawar Kan Dutse

Baba ya tsufa a unguwar Misfala ta Makka yana ɗinkin takalma, amma ko sau ɗaya bai yarda shi baduku ba ne. In aka tambaye shi sana'arsa sai ya ce manomi. Ni da aka haifa a Makka, ban taɓa ganin gona ba, sai in sunkuyar da kai in yi dariyata: ga manomin da ko albasa bai shuka ba. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano ta Sudan, da niyyar ya sauke farali ya koma gonarsa. Hanya ta cinye guzuri, aure ya zo, mu ma muka zo, duwatsun Makka suka kewaye shi bai sake fita ba.

Bayan yaƙin duniya, ina saurayi ina tallar ruwa, idanunsa suka fara tafiya. Na hagu ya mutu gaba ɗaya, na dama yana gani dishi-dishi. A lokacin ne wani mai sayar da inabi ya gaya masa cewa a kan tudun Hada, can saman dutsen Kara a hanyar Ɗa'ifa, ana noma dawa. Daga ranar gidanmu bai huta ba.

"Kaka ta yi," in ji shi. "Ka kai ni in ga dawa a tsaye kafin wannan ma ya rufe."

Inna ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta daka mana gumba. Ta ɗauko bargo da tsohuwar hema, tantin da muke ba alhazai haya a Arfa. Baba ya ce a mayar da hemar.

"Wa ya taɓa ganin ruwa da kaka? Damina ta wuce, sai dai a ɗora wa jaki wahala."

Na aro jaki muka bi ta Arfa, fili fayau ba kowa, har gindin Kara. Daga nan hanya ta miƙe sama, duwatsu jere kamar matakala, birai suna leƙenmu. Jakin ya ƙi hawa da mutum a bayansa, dole Baba ya sauka ya riƙe kafaɗata. Ina haki, shi yana ba ni labarin yadda ake ɗaure dami. Wallahi na ji haushinsa a wannan hawan, na kuma ji tausayinsa, ban san wanda ya fi yawa ba.

Da muka kai sama na sha mamaki. Ƙasa shimfiɗe, iska mai sanyi, itatuwa gajeru, ba gida ba mutum. Muka sauke kaya kusa da wani tsohon garken duwatsu mai rabin rufi. Can sai ga wani Balarabe makiyayi yana kora awakinsa da sauri. Ya nuna yamma, inda gajimare ya taru baƙi wuluk ta wajen teku.

"Ya ammi, ku sauka yau," ya ce wa Baba, yana kiransa baffa da Larabci. "Wannan in ya zo ba ya tafiya da wuri."

Baba ya tambaye ni ta ina hadarin yake. Na ce ta yamma. Ya yi murmushin manya.

"Ka ce masa mun gode. Hadari daga gabas yake tasowa, ya waladi, ɗana. Na yamma wucewa yake yi."

A ƙasarsu haka ne, duk wanda ya yi noma a can ya shaida mini daga baya. Sai dai ba a ƙasarsu muke ba. Kafin la'asar gajimaren ya sauko ƙasa ya shigo har cikin garken, na miƙa hannu ban ga yatsuna sosai ba. Ruwa ya biyo baya.

Baba ya damƙe hannuna.

"Shi ke nan, ya rufe. Ban ga komai."

"Ba idonka ba ne, Baba. Gajimare ne, ni ma ban gani."

Ya saki ajiyar zuciya har da 'yar dariya, ya ce ashe yau mun zama ɗaya.

Haka muka maƙale. Gaba ba mu san inda gonar take ba, baya kuwa bakin dutse ne, taku ɗaya na kuskure sai dai a tsinci mutum a Arfa. Itace ya jiƙe, wuta ta ƙi kamawa. Muka lulluɓa da bargo ɗaya, jaki ya cusa kansa ciki, muna tsakurar gumba. Sallah ma da ƙiyasi muke yi, don ba rana ba inuwa. Baba ya kama zazzaɓi, yana ta dafe goshi wai idon dama na sara masa. Duk da haka bini-bini sai ya ce, "Gajimaren ya tashi?" In ce bai tashi ba. Na ƙosa da garken nan, na ƙosa da warin jaki, na yi kewar zafin Misfala da nake zagi kullum. Kwana nawa muka yi, ni da Inna ba mu taɓa yarda a kan lissafi ɗaya ba.

Wata safiya iska ta juya, gajimaren ya yaye. Na leƙa waje. Gonar tana nan ƙasa da garken, jifa ɗaya, dawa tsaye jajawur cikin rana. Duk kwanakin nan muna kwance a gefenta.

Baba ya fito da rarrafe, ya zauna, ya juya fuska daidai wajen gonar da ido a buɗe.

"Ya tashi?"

Na tsaya ina neman abin da zan ce.

"Kada ka wahalar da kanka," in ji shi. "Ina jin rana a goshina."

Na kama hannunsa muka gangara. Ya shiga cikin karan yana shafawa daga gindi zuwa kai, ya murje zangarniya ɗaya a tafinsa, ya hure, ya jefa a baki. Ya daɗe yana taunawa.

"Gajera ce. Wace kala?"

"Ja, Baba."

"Ja yaya? Ja iri-iri ne."

Ban san ja iri-iri ba ne. Na ce kamar fatar da yake rina wa takalman amare. Ya gyaɗa kai, ya ce an yi shukar da kauri, ya kamata a ce an rage. Ni dai hawaye nake yi, ina ƙoƙarin kada ya ji a numfashina.

Da muka iso Misfala Inna tana bakin ƙofa, ta rame saboda jira.

"Malam, ka gani?"

"Ta yi kyau bana," in ji Baba.

Sannan ya miƙo mini hannu in shigar da shi ta ƙofar da shi ya kafa ta.