Rakiyar da Baba Ɗantani Ya Yi wa Lubabatu

Lubabatu Sharhabilu, Allah ya kai haske kabarinta, ma'aikaciya ce a sashen walwalar jama'a a Wudil. 'Yar gajera ce mai saurin tafiya, takalminta kullum ta gefe guda yake cinyewa. Mu da muka tashi layi ɗaya da ita mun san ba ta iya ƙarya ba, ko ta wasa.

A makaranta an koya mata cewa taimakon mutum hawa-hawa ne. Da farko ka saba da shi har ya yarda da kai, sannan ka gano ainihin damuwarsa. Ku tsara mafita tare, a aiwatar, a duba ko ta yi. Daga ƙarshe ku yi sallama, ya ci gaba da rayuwarsa ba kai. Ta riƙe wannan gam, har ta gamu da Baba Ɗantani na Dagumawa.

Dillalin shanu ne a Kara, irin wanda ake jin muryarsa tun daga bakin titi. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ya tashi da jan ƙafa da karkataccen baki. Likita ya ce in bai riƙa tafiya ba, ƙafar mutuwa za ta yi gaba ɗaya. Shi kuwa ya shige ɗaki ya saki labule, ya ce ba wanda zai ga yawunsa na dalala. Matarsa, Inna Mas'uda, ita ta zo ofis da kuka.

Lubabatu ta je, ta durƙusa a bakin ɗaki aka gaisa.

"Baba, me ya fi damunka?"

"Lafiya lau."

"Me kake so a yi maka?"

"Alhamdu lillahi. Ki gaida gwamnati."

Haka aka yi ta yi. Ta samo masa sanda, sai ta tarar Inna na korar kaji da ita. Ta tara 'ya'yansa don a yi shawara, suka ɓige da rigimar gona. Ta ɗauko mai gashin ƙashi daga asibiti, Baba ya juya fuska bango har mutumin ya gaji ya tafi.

Shugabanta, Malam Jibril, ya tambaye ta, "Lubabatu, wane mataki kike a kan tsohon nan?"

Ta ce, "Wallahi Oga ban sani ba. Jiya na zaci mun kai aiwatarwa, yau ko gaisuwa da ƙyar ya amsa."

Wata rana ta je ta tarar Inna ta tafi gidan suna. Da ta miƙe za ta tafi, sai ta ji motsi a bayanta. Baba ne dafe da bango, yana haki.

"Baba, ina za ka? Za ka faɗi!"

"Baƙo ya fita gidana ba rakiya? Ba a taɓa yi ba, kuma ba a kanki za a fara ba."

Ya kai ta tsakar gida ya juya. Zuwa na gaba, da ta yi sallama, Inna ta tsiri wanki, sai ya kai ta zaure. Daga nan Lubabatu ta fara ce wa mai babur ɗin da ke kawo ta ya jira a gindin darbejiya, daga baya a ƙofar masallaci, can kuma a bakin titi. Baba na jan ƙafa a bayanta yana mita, wai yaran yanzu ba su san ƙofar gidan mutane ba.

Maimakon ta yi murna, sai abin ya tsaya mata a rai. Wannan ba ya cikin abin da ta tsara, kuma ba tare suka tsara shi ba. Shin taimako take yi ko yaudarar tsoho? Ta kasa cin abinci, ta tambayi duk wanda zai saurara. Ƙarshe ta tsaya a tsakiyar hanya ta faɗa masa.

"Baba, ka yafe mini. Da gangan nake sa mai babur ya tsaya nesa."

Ya dube ta sheƙeƙe. "Ke 'yar gwamnati, ni da na tsufa a dillanci za ki yi wa wayo? Tun daga darbejiya na gane."

"To me ya sa kake biyo ni?"

"Ke ba baƙuwa ba ce? Wuce mu je, rana na yi."

Da Malam Jibril ya ji Baba na kaiwa titi, ya ce aiki ya yi, ta je ta yi sallama, wasu na jira. Ta je ta faɗa wa Baba a hankali, tana ta kame-kame. Ya ce, "To, madalla," ya koma ya kwanta. Ranar bai raka ta ko bakin ɗaki ba. Ta dawo idonta jawur, tana cewa ita ba ta san ko gyarawa ta yi ko ɓatawa ba.

Juma'ar da ta biyo, ta kutsa Kara cikin shanu da ɗan hijabinta, tana tambayar Alhaji Yahuza, tsohon abokin dillancin Baba. Ta roƙe shi ya riƙa zuwa Dagumawa, ya kuma bar babur ɗinsa a titi. Alhaji bai gane ba, ita ma ta kasa yi masa bayanin da ya gamsar, amma ya ce zai je.

Ba ta ji yadda aka ƙare ba. A makon nan zazzaɓi ya kwantar da ita, kafin mu farga ta tafi ta bar mu.

Ranar sadakar uku, babur ya tsaya a ƙofar gidan su Lubabatu, Alhaji Yahuza ya sauke Baba Ɗantani. Ya ja ƙafarsa a gaban jama'a, cikinsu har da 'yan Kara da suka san shi da ƙarfinsa, ya zauna a tabarma da tsumman goge baki a hannu. Ya ɗaga hannu guda ya fara yi mata addu'a, kuka ya haɗu da nauyin bakin. Ba wanda ya ji abin da yake cewa sosai. Muka yi ta cewa amin.