Allurar lakwal a maƙerar surukina

A zamanin Faransa ina koyarwa a lakwal ɗin Magariya, wato makarantar boko, na auri ƴar wani maƙeri mai zubin sanholo a hanyar Yekuwa. Ludayi da ƙananan tukwane ba su taɓa ba shi wahala ba. Babbar tukunyar biki ce ta gagare shi, kullum sai ta fito da ɓuli, har mata suka fara tsallaka iyaka su sayo ta can. Matata ta ce har ya rage cin tuwo.

Mazubin nasa a binne yake cikin rairayi, narkakken ƙarfe na shiga ta wani dogon wuya na yumɓu. In gudunsa ya yi sanyi a ciki, dole a bi shi da kasko na biyu mai zafi nan take, ido kuwa ba ya ganin cikin yumɓu.

Ni kuma na karanta a littafi cewa ƙarfe in yana gudu tsakanin ƙahonin maganaɗisu, yakan haifi ɗan lantarki daidai saurinsa. A kabad ɗin lakwal akwai akwati mai allura da ke nuna lantarki, wanda ba ya koyar da kowa sai gizo-gizo. Maganaɗisu na ciro daga mataccen kamiyo, babbar motar ɗaukar gyaɗa. Abin da littafin bai faɗa ba shi ne yadda mutum zai ba surukinsa shawara, ni da ban taɓa kallon idonsa ba, shi kuma in zai yi mini magana sai ya fuskanci bango.

Kakar matata, mahaifiyarsa, ita ce ta zama mana tafinta. Ta gaya masa mijinta na boko zai zo da agogon jin ƙarfe. Ya ce wa bango, a bar shi ya zo.

Na soka ƙusoshi biyu a wuyan tun yana ɗanye, na ɗaura musu waya zuwa akwatin, na shafe maganaɗisun da laka don kada zafi ya kashe shi, na sa wuyan tsakanin ƙahoninsa. Ranar zubi na tuɓe takalma na tsuguna, kai a ƙasa. A duk ilimin da na sani, wannan ne kaɗai ya dace da zaman suruki, don allurar ma a ƙasa take.

Ya zuba kaskon farko. Allura ta ɗaga kamar gashin gira, ta tsaya, sannan ta fara kwantawa. Ya kamata in ɗaga murya, amma ba a ɗaga murya gaban suruki. Na yi gyaran murya, na ce a hankali, "Kaka, ta kwanta."

"Wa ta kwanta, mijin banza?"

"Allura. A ƙara."

Ta juya ga ɗanta, ta ce masa ya zuba, ko jira yake a aiko masa da goron gayya. Ya zuba.

Da aka fasa mazubin, ya ƙwanƙwasa tukunyar da awartaki, ta amsa ƙal. Ya cika ta da ruwa, bai ga ɗigo ba. Ko allura ce, ko muryar tsohuwa, har yau ban raba ba.

Da la'asar ya fuskanci bango ya ce, a gaya wa mushe, wato ni malamin lakwal, akwai wani zubin ran kasuwa. Ya aika gida a ƙaro masa tuwo.