Cinikin La'asar

Idan ka shiga kasuwar yadi ta tsohon birnin Lahore ka tambayi Inayat mai awo, ko mai shayin bakin ƙofa zai nuna maka shi. Gajere ne, ga tumbi, ga gemu ya sha lalle har ya koma ja. Tun yana saurayi yake zaune a dandamalin shagon Haji Nawazish, ƙafa a naɗe, yana warware bandir yana naɗewa. Baki kuwa, Allah ya ba shi! Mace za ta shigo neman gyale ɗaya, ta fita da kayan auren 'yarta kaf, tana yi masa godiya.

Kasuwar tamu kuwa ba ta farkawa sai rana ta take, ba ta tashi sai an daɗe da idar da isha'i. Ranar hutu ma Haji aikensa yake yi sarin kaya. Shi ya sa Inayat ya yi shekara da shekaru bai ga la'asar a gidansa ba. Abin yana ci masa rai, domin a saman bene akwai tantabarun da ya gada wurin mahaifinsa, su kuwa la'asar ce lokacin tashinsu. Matarsa Shagufta ce ta karɓi aikin, tana yi tana mita: sun ɓata mata shanya, sun cinye mata gero. Tun da aka kai 'yarsu Rubina ɗakin miji, daga ita sai su a gidan.

Ran nan 'yan kasuwa suka tafi yajin aiki, Inayat ya wuni a gida. La'asar na yi ya haye bene da murna kamar yaro, ya buɗe akurki, ya ɗaga gora mai tsumma a ka, tsuntsaye suka tashi. Da lokacin sauka ya yi, ya watsa gero, ya yi kira irin na mahaifinsa har muryarsa ta dushe. Ina! Sai kewaya suke yi abinsu. Shagufta ta hawo da bokitin wanki, ta tafa hannu sau ɗaya, sai ga su fir-fir, wata har bisa kafaɗarta.

"Kada ka ji haushi, Baban Rubina," in ji ta, tana danne dariya. "Baƙo suka gani."

Ya yi dariyar shi ma, amma wallahi maganar ta soke shi. Da ita ya kwana, da ita ya tashi.

Ana gab da Sallah, Haji ya kira ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya don ƙarin albashi, kamar kowace shekara. Da aka zo kan Inayat, ya zuba masa shayi da hannunsa.

"Ɗan'uwana, bana zan ƙara maka abin da ban taɓa ƙara wa kowa ba."

"Allah ya ƙara arziki, Haji Sahib. Amma mayar da hajarka, ba ita na zo saya ba."

"To me ka zo saya?"

"Yini. Daga azahar zuwa magariba, kullum."

Haji ya dafe ƙirji, yadda yake yi in mai ciniki ta yi masa mugun tayi. "Kashe ni za ka yi? Lokacin da mata ke cika shago? Albarka! Ɗauki minti goma ka sha iska, ga ƙarinka a kai."

"Haba Haji Sahib, wannan ai ko ƙyallen hanci bai kai ba."

"Rabin sa'a. Na rantse a faɗuwa nake."

"Ni za ka yi wa rantsuwar faɗuwa? Tare fa muke yin ta, safe da yamma."

Sauran ma'aikata suka bar ninkin yadi suka zuba ido. Inayat ya sauko daga dandamali, ya hau laluben takalmansa. Ya ga mata sun yi masa wannan dabara sau ba adadi: a tashi a hankali, a nufi ƙofa a hankali, don a bar wa mai kaya damar kira. Amma bai taɓa sanin haka gaban mutum ke faɗuwa ba. In fa Haji bai kira ba? Da gemun nan nasa, wa zai ɗauke shi aiki? Ya sa takalmi ɗaya, ya karkaɗe ɗayan, ya sake karkaɗewa. Sai da ƙafarsa ta taka dokin ƙofa sannan Haji ya yi kira.

"Dawo, ɗan rigima! Daga sallar la'asar zuwa magariba, ƙari kuma babu. Na sallama."

"Ba gyara, Haji Sahib? Mu da ba ma yanka yadi sai mun ƙara ɗan yatsa biyu?"

Haji ya yi dariya har da hawaye. "Je ka tun kiran salla, kada ka jira a idar. Amma al'ada tana nan: wanda aka yi wa ƙari shi ke sayen alewa."

Ya saya wa shago kwali ɗaya, ya ɗauki ɗaya ya nufi gida ana kiran la'asar. A nan ya tafka kuskure. A unguwarmu, namiji da kwalin alewa mai zaren zinare ana gobe Sallah, ai ba sai ya yi bayani ba. Mai nama ya ɗaga wuƙa yana yi masa barka, mata suka leƙo ta taga. Kafin ya kai ƙofa labarin ƙarin albashi ya riga shi hawa bene. Murna ta koma ciki, don ya tuna injin wankin da Shagufta ta daɗe tana mafarkin samu.

Ya same ta kusa da akurki, hannu a ƙugu.

"An ce an yi maka ƙari."

"An yi, Maman Rubina. Sai dai ba na kuɗi ba ne." Ya sunkuyar da kai ya zayyana mata cinikin duka. "Injin wanki sai baɗi. Ki yi haƙuri."

Ta sauke hannu daga ƙugu. "Kullum, ka ce?"

"Kullum."

Ta karɓi kwalin, ta kwance zaren, ta tura masa alewar jalebi ɗaya a baki tun bai gama shiri ba. Idonta ya kawo ruwa, amma dariya take yi.

"Kai a tunaninka son tsuntsayen nan nake yi? Masu ƙazantar tsiya! Na riƙe su ne don na san in ba su ba, babu abin da zai dawo min da kai gida rana ba ta faɗi ba."

Ta miƙa masa gorar. "Tashe su. Ni zan tafa, kai ka tsaya kusa da ni, har su gane ka."