Waken Kulu da Allon Onarabul

Duk wanda ya saba bin hanyar Zakirai ya san Malam Ja'afaru, in bai san sunansa ba ya san jakinsa. Shekara arba'in ke nan yana ɗibar taki a mangala, daga turken awaki, daga juji, daga duk inda ya ji labarin shara ta ruɓe, yana kai wa wata 'yar gona a bakin titi. Su biyar suka raba gonar ubansu, shi wannan ɓangaren ya samu, wanda in ka tsaya a iyakar gabas ka yi tari, na iyakar yamma zai ce maka sannu. A yankinsu ba a barin ƙasa ta huta, don babu inda za a koma. Ja'afaru bai taɓa riƙe wani muƙami ba, ko na ladan. Amma geronsa ya fi na kowa duhu, ya kuma san haka, ba ya ɓoyewa.

Abin da ya fi geron daraja a wurinsa wani jan wake ne da mahaifiyarsa Kulu ta zo da shi ƙulle a bakin zane ranar da aka kawo ta garin. Waken Kulu ake ce masa. Yana nuna da wuri, ya riƙe gida kafin sabon hatsi ya shigo. A da kowa yana da shi, sai aka bi farin iri na kasuwa, aka bar Ja'afaru shi kaɗai. Bara kuma ƙwari suka shiga tulun da matarsa Furera ta adana irin a cikin toka, abin da aka tsince bai cika ƙoƙo ba. Shi ya shuka a kunya uku tsakanin gero, nan bakin titi inda idonsa zai riƙa kaiwa. In waɗannan suka salwanta, waken Kulu ya ƙare ke nan.

Ana tsakar maimai, wato noma na biyu, majalisa ta tafi hutu. Su nasu hutun da damina yake faɗowa, daidai lokacin da manomi ba shi da sukunin ko sosa ƙeya. Onarabul ɗin yankin, wanda rabon da a ga fuskarsa tun fastar zaɓe da ruwa ya wanke, ya tuna yana da mazaɓa. Ya gaida hakimi, ya sha lemo a sakatariya, ya leƙa wani asibiti da aka yi wa fenti ta gaba kawai. Saura gona, don a ce ya ga manoma.

Ikrima, kansilan mazaɓar, ya zo da mai unguwa har ƙofar gida.

"Baba Ja'afaru, ka yi sa'a," in ji Ikrima. "An duba duk gonakin bakin titi, taka aka zaɓa. Onarabul da kansa zai taya ka noma, har gayya muka haɗa maka."

"Na gode, amma na gama nomana jiya. Babu ciyawa ko ta sakace."

"Ai ba ciyawa za a zo nema ba, Baba, hoto ne."

Ja'afaru ya dubi mai unguwa, mai unguwa ya dubi ƙasa ya ce, "Malam, baƙo ne, kuma babba. A yi haƙuri da wuni ɗaya."

Da ya shiga gida Furera ta ce, "Malam, ka dai faɗa musu akwai wake a wurin." Ya ce wane ne ɗan Kano da bai san ganyen wake ba? Nan ya yi kuskure, don bai taɓa zama da manya ba.

Washegari da hantsi motoci goma sha ɗaya suka jeru. Aka fara da kafa allo a bakin kunyar farko, ƙafafunsa biyu na ƙarfe, aka danna su cikin ƙasa da guduma. Malamin gona na ƙaramar hukuma, da takalminsa sau-ciki mai sheƙi, ya karanta wa jama'a ta lasifika: wannan gona ta amfana da takin zamani na Onarabul. Aka tafa. Ja'afaru ya waiwayi jakinsa da ke ɗaure a gindin ɗorawa, jakin da gadon bayansa ya saɓule saboda mangala.

Sannan aka miƙa wa Onarabul fartanya sabuwa fil, ko takardar shago ba a ɓare mata ba. Ya naɗe hannun babbar riga ya ce shi ma ɗan manomi ne, a gona aka yanke masa cibiya. Ya sunkuya da ƙyar, ya nemi ciyawa bai samu ba, sai ya ga wani kore yana yaɗo tsakanin gero. Ya kai masa sara.

Ja'afaru ya buɗe baki, mai unguwa ya riƙe masa hannun riga.

"Ba a gaban mutane ba, Malam," ya faɗa a hankali. "Ba a gyara wa babba a taro."

Babu wanda bai san wake ba ne a wurin, har matan da ke leƙe ta kan danga. Malamin gona ma ya sani, da takardar shaidarsa da komai, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ranka ya daɗe, hannun bai manta ba." Su kuwa 'yan gayyar, ƙattin jam'iyya ashirin da aka kwaso daga gari da huluna iri ɗaya, da suka ga abin da maigida ya sare sai suka bi sahu. Kafin mai hoto ya ce ya isa, kunya uku sun zama fes. Kuma tunda gayya ce, al'ada ta ce mai gona ya yi godiya. Aka kai masa lasifika baki, Ja'afaru ya ce, "Allah ya saka wa kowa daidai da aikinsa." Onarabul ya ce amin da ƙarfi.

Bayan sun tafi ya bi kunyoyin a durƙushe, yana ɗaga ganyen da ya fara yaushi. Bai yi kuka ba ranar da aka binne Kulu, amma a nan hawaye ya zo masa, ya kuma ji kunyar kansa da ya bari aka riƙe masa riga. Ya miƙe ya nufi allon, da niyyar ya tumɓuke shi ya kai wa Furera ta yi wa akurkin kaji ƙofa. Ya kama ƙafar ƙarfen ke nan ya ga kore a ƙasa. Tushe huɗu ne suka tsira a tsakanin ƙafafun allon, inda aka hana kowa matsowa kada a tare sunan Onarabul a hoto. Ɗaya har ya fara kama ƙarfen. In ya girgiza allon, saiwarsu za ta biyo shi.

Sai ya sake shi. Ya je ya saro ƙaya ya kewaye wurin saboda awaki, kullum da safe nan yake fara zuwa ya tsuguna ya duba. Masu wucewa kasuwa suna rage tafiya su karanta, su ce, "Ashe haka ne, Malam. Mu da muke cewa aikin jakinka ne."

Ranar Juma'a Ikrima ya tsaya da babur, ya ɗauki hoton shingen da wayarsa.

"Wallahi Baba ka burge ni. Duk mazaɓar nan babu wanda ya killace allon Onarabul sai kai. Zan tura masa ya ga masoyi na gaskiya."

Ja'afaru ya gyara wata ƙaya da ta zame, ya ce, "Tura masa. Amma ka ɗan matsa baya, kana taka mini kunya."