Layi ɗaya na karanta, na ce ba zan sa hannu ba

Shekarata arba'in da shida lokacin, ina tuyar ƙosai a Tsafe, kuma ban fi wata takwas da shiga ajin yaƙi da jahilci ba. Na iya haɗa baƙi, sai girman kai ya hau ni, har allunan shagunan mutane nake karantawa da ƙarfi don a san na iya. Ni mace ce mai zafi, in na ce a'a, ko mijina kan kama bakinsa.

Babban ɗana yana karatun kiwon lafiyar dabbobi a Gusau. Wata Juma'a ya zo da murna ya miƙo min takarda, ya ce an zaɓe shi cikin ɗaliban da za su tafi wani aiki, ana son iyaye su sa hannu kafin Litinin. An rubuta ta da Turanci da Hausa. Ya ce bari ya karanta min, na ce ya bar ni, ai ba makauniya ya tarar ba. Layin farko ya ce aikin sa kai a ƙetare. Nan na tsaya. Mu a nan, in an ce sa kai, masu bindigar gida da ke shiga daji muka sani. Ƙanena ya bi su, ko takalminsa ba mu gani ba. Ƙetare kuwa a ƙauyenmu hayin rafi ne, inda dajin ya fara. Na ce masa muddin ina numfashi ba zai tafi ba. Ya buɗe baki zai yi bayani, na ce in ya ƙara kalma ɗaya ban yafe ba. Na hana ubansa ma sa hannu. Litinin ta wuce, aka ba wani gurbinsa.

Abin da har yau nake jinjina masa, bai kai ƙarata wurin kowa ba, bai kuma daina zuwa gaishe ni ba. Bayan wata biyu da ya ga na huce, ya dawo da takardar, ya ce shi fa yana shakkar karatuna, in na isa in karanta masa ita har ƙasa. Ya san ni sarai. Na ɗora yatsa na fara. Ashe arewacin Ghana za su, wata shida, su yi wa awaki da kajin talakawa allurar rigakafi, ba albashi, sai abinci da wurin kwana. Da na kai ƙarshe kunya ta hana ni ɗaga kai. Ya yi dariya ya ce lallai Inna ta iya karatu, saurin rufe littafi ne kawai ya yi mata yawa.

Shekara guda ya jira kafin a sake ɗaukar ɗalibai. Ya tafi, ya dawo ya rame ya yi baƙi, yana ta labarin wata tsohuwa da akuyarta ɗaya tilo ta tsira a hannunsa. Yanzu duk Asabar yana zaga ƙauyukan Bungudu da akwatin allurarsa, har Fulani kan tare shi a hanya ya duba musu dabbobinsu.

Iyaye mata, musamman mu da muka yi karatu da furfura, tsoronmu gaskiya ne, mun ga abin da muka gani. Amma in yaro ya kawo takarda, ku bar shi ya gama magana, ku ma ku kai ƙarshen shafi. Nawa ɗan ya yafe min, sai dai shekarar da na cinye masa ba ni da inda zan samo ta in mayar.