Buhunan Waken da Na Ajiye a Ɗakin Barcinmu

Ina amarya na sauka a Alƙahira a shekarar 2012, ban daɗe da haura ashirin ba, kaina cike da littattafan soyayyar da nake haya a bakin kasuwar unguwarmu. Duk abin da na sani game da zama a ƙasar waje a cikinsu na koya: miji ya riƙo hannun matarsa a bakin ruwa, iska na kaɗa mayafinta, babu mai maganar cefane. Mijina ɗalibi ne mai karatun shari'a da tallafin karatu. Gidan da ya kama mana a unguwar Hadayek el-Maadi falo ne da ɗaki ɗaya a hawa na sama, tagarsa na kallon bangon maƙwabta, amma ni fada na ɗauke shi. Ran Juma'a bayan la'asar yakan kai ni bakin kogin Nilu ya saya min gasasshen dankali a takarda, ni kuma in riƙa kallonsa ina jin babu macen da ta kai ni sa'a.

Da shekara ta zagayo na haifi 'ya mace, mai idanun babanta. Daga nan tallafin ya daina isarmu. Wata rana ya zaunar da ni, yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce yana ganin gara ni da yarinyar mu koma gida wajen mahaifiyarsa har ya gama karatu. Na yi kuka kamar saki ya ba ni. Na ce masa ko ruwa da burodi za mu riƙa ci ba zan bar shi ba, na kuma ƙudura a raina cewa sai na nemo abin da zai riƙe mu a wuri ɗaya, mu ukun.

Hanyar ta zo ta hannun matan Kano masu zuwa saro abaya da takalma a kasuwar Ataba. Da akwatuna kusan wayam suke tahowa, sai a komawa su cika su. Ɗaya daga cikinsu ƙawar yayata ce, na roƙe ta ta riƙa cika min wannan gurbin da kayan miya. Aka fara da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, sannan agushi, amma abin da ya fi tafiya shi ne jan wakenmu na gida, don duk Bahaushen da ke garin ya yarda cewa waken Masar ba ya ƙosai. Ɗalibai suka san ƙofata, Hausawan Sudan ma suka sani. Babu wanda ya taɓa tsayar da matan a filin jirgi, kayan suna wucewa a matsayin guzurin matafiyi. Maganar komawata gida ta mutu. Mijina ya koma kirana Hajiya mai shago, yana tsokanata wai yaushe zan sai masa mota, wai wake ya ƙwace masa mata yana ji yana gani.

Akwai wata dattijuwa Bahaushiyar Sudan a hawan da ke ƙasa da namu, ina kiranta Gwaggo. Aikin gida take yi a unguwar Mohandessin, kuma ita ta kai ni wajen wata Bamisriya mai kantin kayan abincin Afirka a can, wadda ma'aikatan ofisoshin jakadanci ke saye a wajenta. Matar ta damƙi waken ta shinshina, ta yaba. Sai ta shiga tambaya: ta ina ya shigo ƙasar, wa ya duba shi, ina shaidar lafiyarsa daga inda ya fito, a ina nake ajiye shi. Ta ce abincin sayarwa ta kwastan yake bi, jami'an lafiya da na noma su ɗebi kaɗan su gwada kafin a sake shi, kowane ƙunshi a rubuta asalinsa da ranar da zai lalace, sannan a ajiye shi a sito mai lasisi wanda ake zuwa dubawa, ba a ɗakin da mutane ke kwana ba. Ta dafa kafaɗata ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, in na cika waɗannan ƙofarta a buɗe take. Na fito raina a ɓace. A jirgin ƙasa na ce wa Gwaggo tun kakanninmu muke cin wannan waken babu hatimin kowa. Ta yi dariya ta ce mutanen nan ko atishawa za ka yi sai sun nemi takarda, amma ta ƙara da cewa, 'yar nan, maganar ɗakin kwana dai matar ba ta yi ƙarya ba. Mijina ma da na ba shi labari ya ce ko lungu ne mu kama a siton wani. Na kumbura fuska na daina yi masa magana har ya haƙura ya bar zancen, ni kuma na lissafa haƙurin nasa cikin alamomin so.

A cikin sanyin farkon 2014 aka kawo min kaya mafi yawa da na taɓa samu. Na haɗa waken a buhuna, na tura wasu ƙarƙashin gado, wasu bayan ƙofar ɗakin. Ba a jima ba na ga ƙananan ƙwari suna fitowa, waken ya fara hujewa. Hankalina ya tashi, don a idona zamana da mijina ne ƙwarin nan suke ci. Sai na tuna da yadda babana ke yi a ƙauye bayan girbi: ya naɗe ƙwayar maganin hatsi a tsumma, ya cusa a tsakiyar buhu, ya ɗaure baki. Da wannan na tashi, ban taɓa ganinsa a matsayin abin tsoro ba. Abin da ban riƙe ba shi ne, siton babana yana can ƙarshen gida kusa da turken dabbobi, kuma in ya sa maganin yakan garƙame ƙofar ya toshe kafofinta, ya hana mu ko giftawa ta wajen. Na je wani kantin iri da magungunan gona na saya. Mai kantin ya tambaye ni ko ina da sito, na ce ina da shi. Mijina ban gaya masa ba, don na san zai sake tayar da zancen kama wuri.

Bayan azahar na sa maganin a buhunan, yana wajen karatu. Ranar iska mai sanyi ake yi, na rufe tagogi na toshe ƙasansu da tsummokara. Yarinyar tana mura, sai na shimfiɗa mata katifa a ƙasa kusa da gado, na ja mata ƙofa don ɗakin ya yi ɗumi, na koma falo na buɗe littafina. Can na fara jin warin tafarnuwa. A ginin nan babu ranar da ba a soya tafarnuwa, sai na ɗauka maƙwabta ne ke miya. Da yamma yarinyar ta tashi da amai. Na ce sanyi ne, na ba ta ruwan ɗumi, na goya ta har ta lafa, na mayar da ita ɗakin. A nan muka kwana mu duka. Da asuba ni da shi muka tashi da ciwon kai da tashin zuciya, ita kuwa jikinta ya saki, numfashinta na fita da ƙyar, leɓenta ya canza launi.

Gwaggo ce ta taro mana mota. A asibiti likitan ya sunkuya kusa da bakin yarinyar, ya ɗago ya tambayi mijina ko akwai ƙwayar maganin hatsi a gidanmu. Mijina ya ce babu, da ƙarfinsa, har ya maimaita. Ina tsaye a bayansa, kuma Larabcina ya kai in fahimci tambayar. Na ja hannun rigarsa na gaya masa da Hausa. Ya juya ya fassara wa likitan. Likitan ya yi mana bayanin cewa ƙwayar tana sakin iska mai guba da zarar ta ji danshi, ƙaramin jiki kuma ba ya jure abin da babba zai jure, sannan babu allurar da ke karya gubar, sai dai su tallafa wa zuciyarta su jira. Muka jira. Bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa. Ba ta kai ga iya kiran sunan babanta daidai ba.

'Yan sanda da jami'an lafiya sun je gidan fuskokinsu a rufe. Suka fitar da maƙwabta, suka buɗe tagogi, suka kwashe buhunan da duk sauran kayan, suka manne ƙofarmu da jan hatimi. Daga baya aka sanar da mu cewa ko agushin da nake sayarwa an same shi da fumfuna, wato mutanen da suka yarda da ni ma ban tsare su ba. Da aka zo tambayar wanda ya shigo da abinci babu dubawa, ya sayar babu izini, ya ajiye guba a gidan kwana, mijina ya ce kayansa ne. Shi ya yi ta zarya ofis-ofis bayan jana'iza, shi aka ci tara, manyan ɗalibai 'yan ƙasarmu suka tsaya masa har maganar ta mutu. Ni ina ɗakin Gwaggo a kwance, fuskata na kallon bango.

Na yi ta jiran ɗaya daga cikin biyun da na saba karantawa, ko ya yi min tsawa ya sake ni, ko ya rungume ni ya faɗi kalaman da za su wanke min zuciya. Bai yi ko ɗaya ba. Yakan kawo min shayi ya ajiye, ya zauna nesa kaɗan da carbinsa. Sau ɗaya ya yi maganar. Ya ce ya yarda kwananta ne ya ƙare, kuma ya san ban yi da nufi ba, abin da kawai yake so ya sani shi ne me ya hana ni gaya masa. Har yau ban ba shi amsa ba. Na kasa barci a kowane rufaffen ɗaki a garin, ko warin miya na ji sai in fice waje. Da bakina na roƙe shi ya mayar da ni gida. Ya raka ni filin jirgi, ya koma ya ƙarasa karatunsa shi kaɗai, 'yarmu kuma tana kwance a wata maƙabarta a bayan Alƙahira wadda ban taɓa takawa ba. Muna tare da shi har yanzu, yana kyautata min, amma tsokanar nan tasa ba ta dawo ba.

Abin da na koya shi ne, dokokin da na raina ba don a wulaƙanta baƙo aka kafa su ba. A da gani nake takardu ne kawai da ɓata lokaci, yanzu na san kowace ƙa'ida a cikinsu akwai wanda ya rasa wani kafin a rubuta ta. Na kuma gane cewa abin da ake yi lafiya a filin gidan ƙauye yana iya zama ajali a ɗaki mai taga ɗaya. 'Yan'uwana mata masu sana'ar abinci, a gida ko a ƙasar wasu, ku bar masu dubawa su duba kayanku, ku nemi izini ko da zai jinkirta ku, ku raba wurin ajiya da wurin kwana ko da ribar za ta ragu. Kada maganin hatsi ya shiga gidan da ake barci, ko ƙwaya ɗaya, ko na yini ɗaya. In kuma kin ji kina ɓoye wa mijinki wani abu don kin san zai hana, ki tsaya ki sake tunani kafin ki aikata. Wanda ya karanta wannan ya sa 'yata a addu'a, ni kuma ya roƙa min gafara.